Murhun gas na ɗumama ɗaki: tambayoyi da amsoshi ga wanda bai saba da shi ba

Daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, idan jaura ta taso, sanyin asuba a Maradi kan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ga jikin da ya saba da zafin Afrilu wannan ɗari ne na gaske. Da kasko da gawayi aka san mu. Amma yanzu ana ganin murhun gas na ɗumama ɗaki a wasu gidaje: wani ɗan'uwansa ne ya aiko masa daga Aljeriya ko Libiya ta hanyar Agadez, wani ya saya na hannu a kasuwa ba kwali ba takarda, wani kuma ya kama hayar gida ya tarar da shi a falo. Ga tambayoyin da masu irin wannan murhu suka fi yi.

Na samu murhun ba takardar bayani. Daga ina zan fara?

Daga bayansa. Kafin ka nemi tukunyar gas, juya murhun ka duba ƴar takarda ko farantin ƙarfe da aka manna a baya ko a ƙasa. Ko ba ka jin Faransanci ko Larabci ko Turkanci, lambobin iri ɗaya ne a ko'ina. Idan ka ga G30, murhun na butan ne, kuma kusa da shi za ka ga 28 ko 30 mbar, wato ƙarfin turin da yake so. G31 na furofan ne, yawanci 37 mbar. Waɗannan biyun su ne gas ɗin tukunya, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun da ta fara aiki a 2011, wanda ake girki da shi a gidajenmu.

Idan kuwa G20 kaɗai ka gani, da 20 mbar, to tsaya. Wannan murhun an yi shi ne don gas ɗin bututu, wanda ake ja wa gidaje ta ƙarƙashin ƙasa kamar ruwan famfo a biranen Aljeriya. Babu irinsa a Maradi. Bakin da gas ke fitowa a irin wannan murhu ya fi faɗi, domin gas ɗin bututu bai kai na tukunya ƙarfin zafi ba. Idan aka jona masa tukunya, gas zai zuba fiye da abin da iska za ta iya ƙonawa, wuta ta tashi doguwa tana baƙin hayaƙi, tana cika ɗaki da guba. Ana iya juya wasu zuwa gas ɗin tukunya ta hanyar canja bakunan da na kamfanin da ya ƙera shi, amma ba aikin soka waya ko bubbuga guduma ba ne. Idan ba a samu bakunan asali ba, a haƙura da murhun.

Idan takardar ta goge ko an ɓalle ta, kada a yi gwaji a ɗaki. A kai wa wanda ya san aikin kayan gas ya duba bakunan.

Akwai wani rami zagayayye a sama ko a bayan nawa. Na mene ne?

Mafitar hayaƙi ce, kuma wannan ita ce tambaya ta biyu mafi muhimmanci. Murhun ɗumama ɗaki iri biyu ne a taƙaice. Akwai mai taya wanda ake turawa, tukunya na zaune a cikinsa ta baya, gabansa da faranti uku na tangaran da ke yin ja idan sun yi zafi. Wannan ba shi da bututu, duk abin da ya ƙona cikin ɗakin yake saki, don haka an ƙera shi ya ƙona gas tsaf, kuma ba a amfani da shi sai da hanyar iska a buɗe. Akwai kuma mai nauyi da ake kafawa jikin bango, galibi da gilashi a gaba, wani har da itatuwan ƙarya na ado. Irin wannan idan yana da ramin hayaƙi, dole ne a haɗa masa bututun ƙarfe da zai fitar da hayaƙin waje. Kunna shi ba bututu daidai yake da tayar da janareto a cikin ɗaki.

Wanda ya tarar da irin wannan a gidan haya ya bi bututun da ido tun daga murhu har inda ya ɓulla waje. Bayan wata tara ko goma ba a kunna ba, tsuntsu ya isa ya yi sheƙa a ciki, zanzaro ya isa ya yi gini, tsatsa ta isa ta huda gwiwa. Kuma akwai masu gida da ke toshe bakin bututun da tsumma ko siminti saboda ƙura da ruwan damina, su manta ba su faɗa wa mai haya ba. Tambayi mai gidan, sannan ka duba da kanka.

Kan gas da tiyon da muke girki da su za su yi?

Za su yi idan lambar da ke jikin kan ta yi daidai da ta murhun. Kan gas, abin da ake ɗaurawa a bakin tukunya yana rage ƙarfi, shi ma da rubutu a jikinsa: 28, 30 ko 37 mbar. Wanda ba zai yi ba sam shi ne kan nan mai murɗi da masu suya da masu babbar tukunyar abinci ke amfani da shi, wanda ake ƙara masa ƙarfi yadda aka ga dama. Yana tura gas ninkin-ba-ninkin abin da murhun ɗaki zai ɗauka.

Wani abu kuma: bakunan tukwane ba duka suke ɗaya ba. Kan da aka sayo a Jibiya ko Katsina ba lalle ya zauna daidai a kan tukunyar da aka saya a Maradi ba. Idan sai an naɗa leda ko robar taya kafin ya kama, bai kama ba ke nan.

Tiyo kuwa a sayi na gas, ba na ruwa ba, ba na fetur ɗin babur ba. Nagari yana da shekara a rubuce a jikinsa. Na roba da ake turawa a baki ba ya wuce shekara 5, kuma zafin garinmu kan busar da shi tun kafin nan. Lanƙwasa shi ka duba: idan ka ga tsage-tsage, jefar. A ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe mai ƙusa, ba da zare ko waya ba.

Yaya zan gane ko yana yoyo?

Ruwan sabulu. A fitar da murhun tsakar gida, a jona, a buɗe tukunya ba tare da an kunna wuta ba, a shafa kumfa a bakin tukunya, da kan gas, da bakin tiyo biyu. Inda kumfar ta riƙa kumbura tana girma, nan ne. A rufe tukunya, a gyara, a sake gwadawa. Ba a gwada yoyo da ashana, ko da ka ga wani ya yi ya tsira.

To yaya ake kunna shi?

Yawancinsu tsari ɗaya ne. Maɓallin murɗawa yana da alamar kashewa, ɗigo ko sifili. Sai alamar tauraro ko ƙaramin harshen wuta. Sai lambobi 1, 2, 3. Ka buɗe taga, ka buɗe tukunya. Ka murɗa maɓallin zuwa tauraro, ka danna shi ciki ka riƙe. Kana riƙe da shi sai ka danna maƙyastin, wanda ke yin ƙas-ƙas, har ƴar wuta ta kama a ƙasan faranti. Kada ka saki hannu nan take. Ci gaba da dannawa daƙiƙa 15 zuwa 30.

Dalilin riƙewar nan shi ne akwai wani ɗan tsinken ƙarfe kusa da ƴar wutar. Idan ya yi zafi yana samar da ɗan lantarki kaɗan, wanda shi ke riƙe ƙofar gas a buɗe. Idan iska ta hure wutar, tsinken ya huce, ƙofar ta rufe da kanta, gas ya daina fita. Mutane da yawa suna sakin maɓallin da wuri, wutar ta mutu, su ce murhun ya lalace.

Sabuwar tukunya ko sabon tiyo kan sa a ɗan daɗe kafin ya kama, saboda iskar da ke cikin tiyon sai ta fita. Amma idan ka gwada sau biyu ko uku bai kama ba, mayar da maɓallin wurin kashewa ka jira minti 5 gas ɗin da ya taru ya watse. Kuma fuskarka ta kasance a gefe lokacin ƙyastawa, ba kana leƙa faranti ba.

Wajen kashewa, ka fara rufe tukunya, wutar ta cinye abin da ya rage a tiyo, sannan ka mayar da maɓalli sifili.

Yana ci na ɗan lokaci sai ya mutu da kansa. Mai gyara ya ce zai cire abin da ke kashe shi. In yarda?

Kada ka yarda, Malam, ko kyauta zai yi maka.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne. An tsara ƴar wutar nan ta murhun zamani yadda idan oksijin ɗin ɗaki ya ragu zuwa wajen kashi 18, sai ta ɗage daga kan tsinken ƙarfen, tsinken ya huce, murhun ya mutu. Wato idan murhunka ya ci awa ɗaya a rufaffen ɗaki ya mutu, aikinsa ya yi. Abin da za ka yi shi ne ka buɗe ƙofa da taga ɗakin ya sha iska, ba ka nemi hanyar da za a hana shi mutuwa ba. Masu gyara da ke ɗaure maɓallin da waya ko su tokare ƙofar gas ɗin a buɗe suna ganin taimako suka yi, mai kaya ya tafi yana murna, amma sun cire abu ɗaya tak da ke tsakanin iyalinsa da mutuwa cikin barci.

Akwai dalili na biyu da ya shafe mu musamman: ƙura. Ƴar wutar tana da wani ɗan rami da take shan iska ta nan, bai fi kan allura biyu ko uku ba. Hazon hunturu yana toshe shi, sai wutar ta yi laushi, ta koma ruwan ɗorawa, ta kasa zafafa tsinken. Idan murhun yana mutuwa ko da taga a buɗe, to wataƙila wannan ne. A rufe tukunya, a bari ya huce, a hure ramin da famfon keke ko a share da buroshi mai laushi. Kada a soka allura, ramin zai faɗaɗa, ma'aunin ya lalace. Wasu kuma suna da abin da ke kashe su idan sun karkace, don haka a duba ko daɓen ya daidaita.

Wace kala ya kamata wutar ta yi?

Ƴar wutar ta zama shuɗiya, tsayayya. Farantin tangaran ya yi ja baki ɗaya bayan ƴan mintoci, ba harshen wuta yana lasar waje ba. Jan tartsatsi jefi-jefi ƙura ce ke ƙonewa, ba komai. Abin tsoro shi ne wuta ruwan ɗorawa mai lilo, baƙin tabo a bango ko a jikin murhun, ko wari mai sa ido yaji. Masu itatuwan ado ne kaɗai aka ƙera su da wuta mai launin ɗorawa don kyau, su ma kada a taɓa jerin itatuwan, domin idan suka goce wutar na bugun su tana yin baƙi.

Sanyin ya fi tsanani da dare. Zan iya barin sa a kunne mu kwana?

A'a. Ko a lamba 1, ko da taga a ɗan buɗe.

Jama'a sun fi tsoron fashewar tukunya, amma abin da ya fi kashe mutane a harkar ɗumama ɗaki shi ne iskar kabon monoksaid. Kowace wuta tana fitar da ita idan ba ta samu isasshen oksijin ba. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Warin da kake ji na gas ba nata ba ne, wani sinadari ne aka zuba wa gas ɗin da gangan don a gane yoyo. Idan ta shiga jini tana kama wurin oksijin da ƙarfi fiye da sau 200, jikin mutum ya rasa iska alhali yana numfashi. Mai ido biyu zai ji ciwon kai ya tashi ya fita. Mai barci ba ya jin komai. A Aljeriya, inda gidaje da yawa ke da irin wannan murhu, jami'an agaji na sanar da mutuwar mutane ta wannan hanyar kowane hunturu, wani lokaci gida guda.

Kuma yadda muke shirya ɗaki da ɗari yana ƙara haɗarin: a rufe taga, a liƙe da kwali saboda buji, a tura tsumma ƙarƙashin ƙofa, mutum shida su kwanta a ɗaki ɗaya. Hanyar da ta dace ita ce a kunna murhun bayan Isha'i minti 30 zuwa awa ɗaya, taga a buɗe kamar faɗin tafin hannu, ɗaki ya ɗauki ɗumi, sai a kashe, a rufe tukunya, a ja bargo. Da asuba a sake kunnawa lokacin alwala da shirin makaranta. Ɗakin ƙasa ma yana riƙe ɗumi fiye da na bulo da kwano. Banɗaki kuwa ba a shiga da shi ko don wankan jariri. A ɗumama babban ɗaki a yi wankan a can.

Wanda ke da ɗan'uwa a waje ya roƙi a aiko masa da ƴar na'urar da ke ƙara idan wannan iskar ta taru. Da batir take aiki. Amma samun ta ba izinin kwana da wuta ba ne.

Yaya zan bambanta wannan guba da masassara?

Alamun sun yi kama: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, amai, kasala, wani lokaci ruɗewa. Bambancin shi ne babu zafin jiki, kuma yawanci duk waɗanda ke ɗakin ne ke ji a lokaci guda, kuma idan aka fita tsakar gida sai a ji sauƙi. Jarirai, masu juna biyu, tsofaffi da masu ciwon zuciya su ta fi saurin kayarwa.

Idan ka yi zargi, fitar da kowa waje nan take, buɗe ƙofofi, rufe tukunya. Wanda ya suma a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko ruwa. A kai shi likita, ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa ko babban asibitin jiha, a faɗa musu a fili cewa murhun gas ko gawayi ne a rufaffen ɗaki, domin maganinta oksijin ne, kuma idan ba a faɗa ba ana iya ɗaukar ta zazzaɓin sauro. Mai juna biyu a kai ta ko da ta ce ta warware. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Na shigo na ji warin gas a ɗaki. Me zan yi?

Kada ka taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, kada ka kunna fanka don ta kori warin, kada ka ƙyasta komai. Rufe tukunya, buɗe ƙofa da taga, fitar da mutane, ka yi waya daga waje. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, butan ya kusa ninka ta biyu, don haka ƙasa yake kwanciya, daidai inda yara ke barci a tabarma. Buɗe taga ta sama kaɗai ba ta fitar da shi, sai ƙofa. Kashi 2 cikin 100 kacal na iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta. Tukunyar da ke yoyo ko an rufe ta, a fitar da ita fili, nesa da murhun girki da bakin shadda, a mayar wa mai gas.

Ina da yara ƙanana. Me zan kiyaye?

Mita ɗaya tsakanin gaban murhun da komai: katifa, labule, gidan sauro, kujera. Gidan sauro da hijabi da yadin leda suna kamawa cikin ƙiftawar ido, kuma narkewa suke yi su manne a fata. Hajiya, idan za ki ji ɗumi ki tattara zane da mayafi, kada ki juya wa murhun baya kina hira. Ba a shanya kayan jariri a kansa. Gilashin masu gilashi yana daɗewa da zafi bayan an kashe, kuma yaro mai rarrafe hannu yake kai wa.

Ga wanda ya fi shafar Maradi: babur da fetur. Gidaje da yawa ana shigar da babur ɗaki ko zaure da dare, wasu kuma suna ajiye jarkoki da kwalaben fetur na sayarwa. Tururin fetur shi ma ƙasa yake bi, yana iya tafiya har ya iske ƴar wutar. Ɗakin da ke da fetur ba ɗakin murhu ba ne.

Idan an ƙone, a zuba ruwan famfo mai sanyi minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ƙwai ko manja. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron girma, ko ta fuska, sai likita.

Tukunya ɗaya kwana nawa za ta yi?

Murhu mai faranti uku idan an buɗe shi duka yana cin kusan giram 300 a awa, don haka tukunya mai kilo 12.5 za ta yi wajen awa 40. A faranti ɗaya za ta ninka haka kusan sau uku. Mai kunna faranti biyu awa ɗaya da dare, awa ɗaya da asuba, zai yi kusan wata guda.

Idan wuta ta yi rauni tukunya ta yi sanyi tana raɓa, gas ne ya kusa ƙarewa ko ana jan sa da sauri. Kada a kwantar da ita, kada a girgiza, kada a ɗora ta kusa da wuta ko cikin ruwan zafi. Gas ɗin da ke ciki ruwa-ruwa yake, kuma idan ruwan gas ɗin ya bi tiyo yana faɗaɗa wajen sau 250 a bakin murhu. Raɓar da ake gani a gilashin taga kuwa daga ƙonewar ce: kilo ɗaya na butan yana sakin ruwa kusan lita ɗaya da rabi. Idan ta yi yawa, iska ba ta isa ɗakin.

To ba gara mu koma wa kaskonmu ba?

A rufaffen ɗaki kasko ya fi haɗari. Gawayi yana fitar da kabon monoksaid fiye da murhun gas mai lafiya nesa ba kusa ba, ko da ya ruru ya daina hayaƙi, kuma ba shi da abin da zai kashe shi. Kasko na rumfa ne da tsakar gida.

Idan ɗari ya wuce, yaya zan ajiye shi?

Cire kan gas daga tukunya, ka mayar da tukunyar madafa ko ka ajiye ta a tsaye a inuwa inda iska ke ratsawa, ba cikin rana ba, ba a ɗakin kwana ba. Goge murhun, ka rufe shi da buhu ko zane ka ɗaure, saboda ƙura da gizo-gizo da ke son yin saƙa a cikin bututun gas. Tiyon kuma a rataye shi inda ɓera ba zai kai ba. Idan Nuwamba ta zagayo, a fitar da murhun tsakar gida, a duba shekarar tiyo, a yi gwajin sabulu, a kunna shi a waje minti 10 a ga kalar wutar kafin a shigar da shi ɗaki.